Yadda Ake Tattalin Ruwa da Kare Shi Daga Gurɓata a Gidan da Ba Famfo a Ƙasar Nabaho

Duk wanda ya tashi a unguwar da ake jiran 'yan garuwa tun asuba zai ɗauka ya gama sanin wahalar ruwa. Ni ma haka na ɗauka, har aikin koyarwa ya kawo ni ƙasar Nabaho a kudu maso yammacin Amurka, na kama hayar wani gida a bayan gari tsakanin garuruwan Gallup da Window Rock. Ranar da na tare na murɗa kan famfon kicin, ko ɗigo. Kan famfo akwai, amma ba a taɓa jawo bututu zuwa wajen ba. Kuma a nan babu mai tura kura ya kawo maka har ƙofa. Kai ne mai gida, kai ne ɗan garuwa.

Nabaho, waɗanda ke kiran kansu Dine, su ke da yanki mafi girma cikin filayen da aka keɓe wa 'yan asalin Amurka. Ya ratsa jihohin Arizona da Niyu Meziko da Yuta, faɗinsa ya kai murabba'in mil 27,000, da gwamnatinsu da kotunansu da 'yan sandansu. Kusan gida ɗaya cikin uku ba shi da ruwan famfo. Abin da ke ƙasa, ɗan'uwa, shi ne tsarin da nake bi duk mako, ga wanda aiki ya kawo shi sabo, malami ne ko ma'aikacin jinya.

Kayan da za ka tanada

- Tankin ɗauko ruwa. Wanda aka fi gani a bayan akori-kura shi ne farin nan mai kejin ƙarfe, mai cin galan 275, wato lita dubu da 'yan kai. In motarka ƙarama ce, duro mai galan 55, kimanin lita 208, ya wadatar.
- Jarkoki masu galan 5, aƙalla huɗu, na ruwan sha kaɗai. Ka fi son masu kan famfo a gindi.
- Tiyo na ruwan sha, fari ko shuɗi, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na ruwan sha ne. Koren tiyo na ban ruwan fulawa ba ya cikin lissafi.
- Bilic zalla, irin Hypo ɗin da muka sani a gida, marar turare, marar kala, marar sabulu a ciki.
- Igiyoyin ɗaure kaya masu sakata, biyu ko fiye.
- Baho biyu, bokiti uku, buta, mazurari, da alƙalamin da ba ya gogewa.
- Tsofaffin galan masu murfi don tara baƙin mai.

Gargaɗi tun kafin ka kashe kuɗi: kada arha ta ja ka ka sayi duro na hannu in ba ka san abin da ya taɓa zama a ciki ba. Na farkon da na saya a kasuwar gwanjo, mai shi ya rantse mini lemo kawai aka zuba. Sau biyar na wanke shi. Da rana ta buge shi na buɗe murfin, wani wari kamar na fenti ya daki hancina. Roba tana shan abin da aka zuba mata, kuma tana amayar da shi a hankali. Yanzu duron nan shara nake tarawa a ciki.

1. Ka san inda za ka ɗebo, da inda ba za ka ɗebo ba

Wannan shi ne matakin da ya fi duk sauran, don haka zan daɗe a kansa.

Ruwa iri biyu ne a wannan ƙasa. Akwai wanda hukuma ke gwadawa tana sa masa magani, wato wuraren ɗiban ruwa na hukumar ruwa da wuta ta Nabaho da ake kira NTUA, da na ofisoshin gundumomi, waɗanda su suke ce wa capta, guda 110 ne a faɗin ƙasar. Sannan akwai rijiyoyin daji masu farfela da iska ke juyawa, da idanun ruwa, da tafkunan dabbobi. Waɗannan na biyun don tumaki da shanu da dawakai aka yi su, ba a sa musu ido kamar ruwan sha.

A makona na biyu na ga irin wannan rijiya kusa da gida, ruwa na zuba a kwami garai-garai kamar hawaye. Na tsaya na sauke jarka. Wata tsohuwa maƙwabciyata, wadda daga baya na koyi kiranta shima, wato uwata, tana zaune a cikin motarta tana jiran jikanta ya gama shayar da tumaki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi jarkar, ta girgiza kai, sannan ta turo baki ta nuna wani tsauni can gabas, kamar yadda tsofaffinmu ke nuni da leɓe. Sai jikan ya fassara mini: akwai tsohon ramin haƙar ma'adinai a can.

Daga 1944 zuwa 1986 an haƙi kusan tan miliyan 30 na dutsen yuraniyom a ƙasar Nabaho, aka tafi aka bar ramuka fiye da 500 ba a gyara ba. Ranar 16 ga Yulin 1979 madatsar dattin wata masana'antar yuraniyom ta ɓalle a Church Rock, gabas da Gallup, galan sama da miliyan 90 na gurɓataccen ruwa suka kwarara cikin kogin Puerco. A 2005 gwamnatin Nabaho ta haramta haƙar yuraniyom a ƙasarta, amma abin da ya riga ya shiga ƙasa yana nan. Ban da wannan, dutsen wasu wuraren da kansa yana ɗauke da yuraniyom da wata guba mai suna asenik tun fil azal. Wanda ya tuna gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani: guba irin wannan ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta canza kalar ruwa.

Kuskuren da mu 'yan gida muka fi yi shi ne mu ce ai sai a tafasa. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Ba ta taɓa yuraniyom ko asenik, hasali ma ruwan ne ke tafiya a tururi, gubar ta zauna ta ƙara kauri. Bilic ma haka, alum da tulun tacewa na kan tebur ma ba abin dogaro ba ne a nan.

Don haka ka je ofishin captan da kake, ka gaisa, ka gabatar da kanka, ka tambayi wurin ɗiban ruwan sha mafi kusa, da ranakun da yake buɗe, da yadda ake biya. In gidan da ka kama yana da rijiyarsa, kada ka sha sai an kai ruwan ɗakin gwaji. Ka ce a duba ƙwayoyin cuta da yuraniyom da asenik da naitiret, wato sinadarin da taki da kashin dabbobi kan saka a ruwa. Iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa a ruwan sha ita ce maikurogiram 30 na yuraniyom a lita, 10 na asenik, da miligiram 10 na naitiret. Kafin sakamako ya fito, ruwan kanti ko na NTUA za ka sha. Kuma kada ka ce za ka haƙa rijiya da kanka. Baƙo kake, ƙasar tana da masu ita, haƙa rijiya sai da izinin sashen ruwa na gwamnatinsu.

2. Wanke mazubi

Sabo ne ko tsoho, ka wanke da sabulun wanke-wanke ka ɗauraye. Sannan ka haɗa ƙaramin cokalin shayi ɗaya na bilic a lita ɗaya ta ruwa, ka zuba a jarka, ka rufe, ka jijjiga har ya taɓa ko'ina da murfin, ka bar shi aƙalla daƙiƙa 30, ka zubar, ka kife ta bushe. Babban tanki kuwa sai ka ninka haɗin gwargwadon girmansa, ka sa dogon buroshi.

Ka ɗauki alƙalami ka rubuta a jikin kowanne: SHA, WANKA, DABBOBI. Jarkar da ta taɓa ɗaukar ruwan rijiyar daji ta bar layin sha ke nan har abada.

3. Ɗauko ruwa

Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Cikakken tanki mai galan 275 ya haura tan guda, kuma ba kowace akori-kura ke iya ɗaukar wannan ba. Ka buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin da ta faɗi nauyin da motar ke ɗauka, har da kai da fasinjojinka a cikin lissafin.

In motar ba za ta ɗauki cikakken tanki ba, kada ka ce bari in cika rabi. Rabin tanki ya fi cikakke haɗari. Na taɓa yi a hanyar burji mai gargada, da na taka birki a gangare sai ruwan ya taho gaba gaba ɗaya ya tura motar kamar an bangaje ta daga baya, da ƙyar na tsaya a bakin kwari. Gara ƙananan duro biyu a cike taf da babban tanki rabi. Ka tura kayan su jingina da bayan kan mota, ka ɗaure ta fuska biyu, ka tafi a hankali.

A wurin ɗiba, kada bakin tiyo ya taɓa ƙasa, kada kuma ka nutsa shi cikin tankin. Ka bar tazara tsakaninsa da ruwan. In ka gama, ka tsiyaye naka tiyon, ka haɗa bakinsa biyu wuri ɗaya ko ka sa shi a leda mai tsabta. Layi kan yi tsawo a ƙarshen mako, kuma za ka ga tsofaffi da suka yi tafiyar mil da yawa. In ka ga tsohuwa tana fama da jarka, ka san abin da aka koya maka a gida.

Ka duba sama kafin ka fita. Daga Yuli zuwa Satumba ake ɗan daminarsu, ruwa kan sauko kamar da bakin ƙwarya na ɗan lokaci, busasshen kwari ya cika nan take, hanya ta zama taɓo mai santsi kamar sabulu. Shi ya sa ba na bari ruwan gida ya yi ƙasa da na kwana uku kafin in sake ɗebowa.

4. Ajiya a gida

Rana maƙiyiyar ruwan ajiya ce, ita ke sa gansakuka a farin tanki. Ka sa shi a inuwa ko ka lulluɓe shi da tamfol mai duhu, a ɗora shi kan katako, nesa da fetur da maganin ƙwari. Jarkokin sha su kwana a cikin ɗaki. Ba a tsoma moɗa ko kofi a ciki, tsiyayowa ake yi. Na san mun saba da randa da moɗa a kai, amma hannu goma ke taɓa moɗar nan a yini.

Ruwan NTUA ya riga ya zo da maganinsa. In ya daɗe a tanki, ko kana shakkar tsabtar mazubin, ka ɗiga bilic mai ƙarfin kashi 6 cikin ɗari, ɗigo 8 a galan ɗaya, wato ɗigo biyu a lita, ka motsa, ka jira minti 30. Ya kamata ka ji ɗan ƙamshin bilic kaɗan. In ba bilic sai tafasawa, amma ka tuna a kan tudu kake: Window Rock ta haura mita 2,000 daga teku, ruwa na tafasa tun bai yi zafin da ya saba ba, saboda haka minti uku za ka bar shi yana ɓararraka, ba ɗaya ba.

Sai hunturu. Sanyin nan ba irin na Jos ba ne, ruwa daskarewa yake ya zama dutse, kuma in ya daskare kumbura yake. Wata safiyar Janairu na tarar da kan famfon tankina ya tsage, rabin ruwan mako ya zama ƙanƙara a tsakar gida. Tun daga nan nake naɗe kan famfon da tsumma da soso, ina barin ɗan sarari a saman kowane duro, ina tsiyaye tiyo bayan kowane amfani.

Ɗakin ajiyar kuma ka kiyaye shi daga ɓera. A wannan yankin ne cutar huhu da ake kira hanta-bairos, wadda ba ciwon hanta ba ce, ta ɓulla a 1993, kuma daga kashin ɓera da fitsarinsa ake shaƙarta. In ka ga kashin, kada ka sa tsintsiya ƙura ta tashi. Ka jiƙa shi da bilic kashi ɗaya a ruwa kashi tara, ka jira minti biyar, ka kwashe da safar hannu.

5. Kowane ruwa ya yi aiki biyu

Hukumar kare muhalli ta ce matsakaicin Ba'amurke na kashe galan 82 a gida kowace rana. Wanda ya ɗauko ruwansa a bayan mota ba zai iya wannan facakar ba, kuma a nan tarbiyyar gida ta yi mini rana.

Wanka da bokiti: lita goma ta ishi babba, ka tsaya a cikin baho don ruwan ya taru. Wanke-wanke da baho biyu, na sabulu da na ɗauraya, bayan ka goge maiƙon tukunya da takarda tukuna. Na ɗaurayar safe shi ne na sabulun yamma. Ruwan wankin shinkafa da kayan miya na shuka ne. Alwala da buta a kan roba, abin da ya taru a kai gindin itace. Dama an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya. Ruwan wanka da na ɗaurayar tufafi su ake kora ban ɗaki da su ko a goge daɓe.

Amma ruwan da aka yi amfani da shi yana da ƙa'ida. Ba ya kwana biyu, cikin yini ɗaya ake ƙarar da shi, in ba haka ba ya yi ɗoyi. Ba a zuba shi kan latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye, gindin itace ake kai shi. Wanda aka wanke kunzugun jariri ko kayan maras lafiya da shi, ban ɗaki zai tafi kai tsaye. In kana ban ruwa da na wanki, ka bar garin sabulu mai gishiri da yawa ka koma na ruwa, don ƙasar nan ba ta samun ruwan saman da zai wanke gishirin.

In Allah ya sa gidanka na da tankin ƙasa da famfo, sai ka koma farautar yoyo. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da sama da galan 3,000 a shekara, wato cikakken tankin mota sau goma sha ɗaya. Ka ɗiga kalar abinci a tankin bayan masai, ka jira minti goma ba ka ja ba. In kalar ta bayyana a kwanon, robar ciki ta mutu, kuma canza ta ba ya buƙatar mai gyara. Tsohon masai na iya cin lita 13 a ja ɗaya, sabo lita 6. In ba halin canzawa, ka cika gorar roba da ruwa da tsakuwa ka ajiye a cikin tankin, nesa da sandar da ke sakin ruwan.

Ruwan sama ma a tare shi. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Ka bar na farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu ya wuce, sannan ka sa duro a bakin indararo, da raga a kai saboda sauro. Na shuka ne da wanki, ba na sha ba.

6. Abin da ba a zubarwa a ƙasa

Gari da nisa, kowa makanikin kansa ne, don haka baƙin mai na taruwa a kowane gida. Galan ɗaya nasa na iya ɓata galan miliyan na ruwa. Al'adar nan tamu ta zuba shi a ƙasa don kwantar da ƙura, ko a masai don kashe wari, ka bar ta a filin jirgi. Ka tare shi a faranti, ka juye a galan da mazurari, ka kai shagon kayan mota a Gallup ko Farmington. Da yawansu na karɓa kyauta, haka ma tsohon batir. Kada ka gauraya shi da wani abu, in ka gauraya ba za su karɓa ba.

Ruwan lagireto mai hana daskarewa ya fi shi mugunta, domin zaƙi gare shi. Kare ko ɗan rago na lasa, kaɗan ya isa ya kashe ƙoda. In ya zube ka zuba yashi ya tsotse, ka kwashe a leda.

Ragowar magani a mayar wa kantin magani ko asibiti, ba a jefa shi a masai. Fenti da maganin ƙwari a bar su a mazubinsu na asali har ranar da za a karɓi irinsu. Shara kuma a kai wurin tara shara na gunduma, ko da ana biyan 'yan daloli. Za ka ga kwaruruka da aka mayar juji, tsohon firji da taya da famfas, kada ka ce ai kowa na yi. Ruwan Agusta ɗaya zai kwashe su ya kai inda tumakin wani ke sha. Mutanen garin Shiprock na ƙasar Nabaho sun ga yadda abin sama ke gangarowa a Agustan 2015, lokacin da galan miliyan 3 na ruwan tsohuwar mahaƙar Gold King a Kolorado ya bi kogin Animas ya shiga San Juan, manoma suka rufe magudanan gonakinsu ana tsakiyar noma.

Wani abu kuma: kada ka kwaso duwatsu ko yashi daga kusa da tsohon rami don gyaran tsakar gida ko murhu, komai kyansu. An taɓa gina gidaje da irinsu a nan, daga baya sai rushe su aka yi.

7. Masai da sokawe

In masan rami ne, ya kasance aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, kuma ta ɓangaren gangare, ba a bakin kwari ba. Toka ake zubawa don wari. Garken dabbobi ma wannan tazarar za a ba shi.

In sokawe ne, abin da ya fito daga jikin mutum da takardar ban ɗaki kawai yake ci. Ban da tsumman goge jarirai ko da an rubuta ana iya korawa, ban da man suya, ban da bilic mai yawa, don ƙwayoyin da ke narkar da dattin rai gare su. Ana kwashe shi duk shekara uku zuwa biyar, ka tambayi mai gidan yaushe aka yi na ƙarshe. Ka kuma sa ya nuna maka filin da bututun tsiyaya ke kwance a ƙarƙashinsa, ka kafa duwatsu a gefensa. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai daɗin ajiye mota, kuma mota mai ɗauke da tan guda na ruwa tana murƙushe bututun a shiga ɗaya.

8. In dole sai ruwan rijiyar gida

Idan gwaji ya nuna yuraniyom ko asenik, kuma wurin ɗiba ya yi nisa, abin da ke rage su sosai shi ne na'urar tacewa mai matse ruwa ta cikin siririyar fata, wadda ake ɗaurawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ka nemi mai hatimin inganci na NSF 58, ka karanta takardarta ka ga ko ta ambaci abin da ke cikin ruwanka. Tana buƙatar ƙarfin famfo, kuma tana zubar da ruwa fiye da wanda take tacewa, don haka a sha da girki kawai za ka yi amfani da ita. Wanda ta zubar ɗin nan ne gubar ta taru, ba na shuka ba ne, ba na dabba ba ne. Bayan an ɗaura ta ka sake kai ruwan da ta tace gwaji, ka rubuta ranar canza matatar a jikin bango kusa da ita, sannan ka maimaita gwajin duk shekara. Madarar jariri kuwa, ko da na'urar, ni da ruwan kanti nake cewa a dama.